CALI-CALI: LABARIN BATUREN DA SUNANSA YA ZAMA KALMAR HAUSA

Daga Wakilinmu a Daura

Duk wanda ya tashi a Daura, ko Zango, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ko Baure, ya san abin da ake nufi idan aka ce da mutum cali-cali. In yaro ya cika wasa a aji sai malami ya daka masa tsawa, ya ce ba ya son cali-cali. In ma'aikaci ya zo ofis da wando burgujeje da takalman da suka fi ƙafarsa, sai abokan aiki su shiga raɗa suna cewa ga Cali ya iso. Kalmar ta zauna daram a bakinmu, har mutum zai iya ɗauka cewa tun zamanin Magajiya Daurama ake faɗinta. Alhali kuwa baƙuwa ce. Sunan wani Baturen Ingila ne, ɗan wasan sinima, wanda ake kira Charlie Chaplin. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma hotonsa ya zo, ya yi ta tsalle a jikin farin ƙyalle a gaban kakanninmu, har bakin Bahaushe ya karɓi sunan ya mai da shi Cali.

Abin tambaya a nan shi ne, wane ne wannan mutum, kuma ta yaya sunansa ya ƙetare teku ya shiga Hausa? Amsar tana da darasi ga ma'aikacin Gwamnati, tana kuma da darasi ga ɗalibi, domin labarin ya haɗa talauci da hukuma da sana'a, da kuma yadda al'umma take adana abin da ta gada ko ta bar shi ya salwanta.

YARON DA YA TASHI A GIDAN GAJIYAYYU

An haifi Cali a birnin Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Uwarsa Hannah da ubansa Charles duka mawaƙa ne a gidajen waƙa da raye-raye inda talakawan Ingila suke zuwa shaƙatawa da dare. Auren bai yi ƙarko ba. Uban ya faɗa shaye-shaye, ya bar gida, ya mutu a 1901 bai cika shekara arba'in ba. Uwar kuwa muryarta ta dishe, sana'a ta ƙi, ta koma ɗinki tana ciyar da Cali da wansa Sydney da ɗan abin da allura ta samo.

Yana da shekara biyar ya fara hawa dandali. Uwar tana cikin waƙa a garin Aldershot, gaban sojoji, sai murya ta ɗauke. 'Yan kallo suka soma ihu. Aka tura yaron ya maye gurbinta, ya rera waƙa, aka yi ta jefa masa kwabbai. Wannan dare shi ne farkon sana'arsa, shi ne kuma kusan ƙarshen ta mahaifiyarsa.

A 1896, yana da shekara bakwai, talauci ya kai su gidan gajiyayyu na Lambeth. Irin wannan gida hukumar Ingila ce take gina shi don waɗanda suka rasa ci da sha, amma duk wanda ya shiga sai an raba shi da iyalinsa, an sa masa tufafin gida, an kuma ba shi aiki mai wuya a bakin abincin da zai ci. Daga nan aka wuce da shi da wansa makarantar marayu ta Hanwell. A 1898 uwar ta sami taɓin hankali aka kwantar da ita a asibitin Cane Hill, ciwon kuma ya riƙa tafiya yana dawowa har ƙarshen rayuwarta. Akwai lokacin da Cali, yana da shekara goma sha huɗu, shi da kansa ya kai ta asibiti, ya dawo ya zauna shi kaɗai yana neman abin da zai sa a baka.

Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin duk ɗan sandan da zai gani yana korar Cali a fim, da duk jami'in da zai zo ƙwace yaro daga hannun talaka, daga waɗannan shekaru suka fito.

DAGA DANDALI ZUWA GABAN NA'URA

Karatun boko bai yi nisa ba. Tun yana ɗan shekara tara zuwa goma ya shiga wata ƙungiyar yara masu rawa da takalman katako, suka zaga garuruwan Ingila. A 1903 ya sami matsayin yaron gida a wasan kwaikwayon Sherlock Holmes, ya yi kusan shekara uku yana yi. A 1908 wansa ya yi masa hanya ya shiga ƙungiyar Fred Karno, wadda ta fi kowace suna a fagen ban dariya a Ingila. A nan ya ƙware a wasan da ba a magana, watau a nuna komai da fuska da gaɓoɓi, ya kuma yi suna wajen kwaikwayon mashayi. Cikin abokan tafiyarsa har da Stan Laurel, wanda shi ma ya shahara daga baya.

Ƙungiyar ta je Amurka a 1910, ta sake komawa a 1912. A tafiya ta biyu ne kamfanin fim na Keystone, ƙarƙashin Mack Sennett, ya ɗauke shi aiki a kan dala 150 a mako. Fim ɗinsa na farko, Making a Living, ya fito a watan Fabrairu na 1914, kuma shi kansa bai ji daɗinsa ba. A farkon wannan shekarar ne ya shiga ɗakin tufafi ya haɗa shigar da duniya ta san shi da ita: wando burgujeje, matsattsiyar kwat, 'yar ƙaramar hula, takalma zaƙo-zaƙo, kwagiri a hannu, da ɗan guntun gashin baki. Kowane abu yana faɗa da ɗan'uwansa, sama a matse, ƙasa a sake. Mutumin da ya fito daga wannan shiga matsiyaci ne wanda ba shi da gida ba shi da aiki, amma yana ɗaga hula yana gaisuwa kamar ɗan sarauta, yana kaɗe ƙura daga yagaggiyar riga kamar alkyabba ce. Turawa suka kira shi da sunan da ke nufin ɗan ragaita.

A shekarar 1914 kaɗai ya fito a finafinai fiye da talatin, kafin ta ƙare kuwa ya soma rubuta labarin da kansa yana kuma ba da umarni. Daga nan kuɗinsa ya yi ta hauhawa. A 1915 kamfanin Essanay ya ba shi dala 1,250 a mako. A 1916 kamfanin Mutual ya ba shi dala 670,000 a shekara, yana da shekara ashirin da shida. A 1917 ya sa hannu da First National a kan dala miliyan ɗaya don finafinai takwas, ya gina masana'antar fim tasa ta kansa a Hollywood. A 1919 shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists don su riƙa rarraba finafinansu ba tare da wani attajiri ya tsaya a kansu ba. Yaron da aka yi wa aski a gidan marayu, cikin shekara ashirin da 'yan kai, ya zama ɗaya daga cikin mutanen da aka fi sanin fuskarsu a duniya.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN DARIYAR

Wanda bai kalli finafinan ba zai zaci faɗuwa ce kawai da guje-guje. Akwai su kam, amma akwai abin da ya fi su. A The Immigrant na 1917, talakawan da suka yi ƙaura daga Turai suna hango gaɓar Amurka cikin murna, sai jami'an shige da fice suka zo suka tare su da igiya kamar dabbobi. Cali ya faki ido ya shuri jami'in ta baya. A The Kid na 1921, ya tsinci jariri da aka yar, ya rene shi a wani ɗan akurkin ɗaki. Da yaron ya tasa sai suka ƙulla sana'a, yaron ya jefi tagar mutane da dutse ya gudu, shi kuma ya ɓullo da gilashi a baya yana neman aikin gyara. Ana cikin dariya sai ma'aikatan gidan marayu suka zo da mota suka fizge yaron yana kuka yana miƙa hannu, Cali ya bi su ta kan rufin gidaje har ya ƙwato shi. Ya soma wannan fim ne jim kaɗan bayan ɗansa na fari ya rasu yana da kwana uku a duniya.

A The Gold Rush na 1925, yunwa ta kama shi da abokinsa a wata bukka cikin dusar ƙanƙara. Ya dafa takalminsa, ya ɗora a faranti, ya yanka da wuƙa cikin natsuwa, ya naɗe igiyar takalmin kamar taliya, ya tsotse ƙusoshi kamar ƙashin kaza. Duk wanda ya taɓa kwana da yunwa amma ya fito da safe ya wanke fuska ya gaida mutane kamar ba komai, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan wuri.

A 1927 fim mai magana ya fito, cikin 'yan shekaru kowa ya koma can. Cali ya ƙi. Ya san cewa ranar da ɗan ragaita ya buɗe baki ya yi Ingilishi, ranar zai zama na Turawa kaɗai. Saboda haka City Lights na 1931, labarin makauniya mai sayar da furanni wadda ta zaci shi attajiri ne, ya fito ba magana, sai kiɗan da shi da kansa ya tsara. Wurin haɗuwarsu ta farko kaɗai sai da aka ɗauke shi fiye da sau ɗari uku kafin ya gamsu. A shekarar ce ya gana da Mahatma Gandhi a Landan, suka tattauna a kan injuna da halin ma'aikata. Modern Times na 1936 ya nuna shi leburan masana'anta, yana ɗaure noti daga safe har yamma, har hannuwansa suka kasa tsayawa ko da an tashi, daga ƙarshe inji ya haɗiye shi. A wannan fim aka fara jin muryarsa, ita ma cikin waƙar da kalmominta ba na kowane harshe ba ne.

A 1940 ya fito da The Great Dictator, inda ya yi wa Hitila na Jamus ba'a a lokacin da Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna. Kwana huɗu ne kawai tsakanin haihuwar mutanen biyu, gashin bakinsu kuma iri ɗaya. Cali ya fito a matsayi biyu, na mai mulkin kama-karya da na wani wanzami Bayahude mai kama da shi. Daga baya ya bayyana cewa da ya san irin kisan da ake yi a sansanonin Jamus, da bai iya mai da abin wasa ba.

YADDA YA ISO ƘASAR HAUSA

An fara nuna fim a Nijeriya a watan Agusta na 1903, a zauren Glover da ke Ikko. Amma hanyar da hoto mai motsi ya bi ya kai ga talakan Arewa daban ce. Wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Ikko tun ƙarshen shekarun 1920 don nuna wa jama'a yadda ɓera yake yaɗa annoba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Gwamnatin Ingila ta kafa sashen fim na ƙasashen da take mulka, ta ɗora Sellers a kansa. Sashen ya yi aiki har 1955, kafin nan kuwa Gwamnatin Jihar Arewa ta riga ta kama hanyar tsayawa da nata.

Wannan shi ne majigi. Mota ce ta Gwamnati mai ɗauke da janareta da na'urar haska hoto da farin ƙyalle da lasifika. Takan bi larduna gari gari da sanin En'e, a kafa ta a fili, galibi a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, a yi shela, bayan sallar isha'i jama'a su taru. Ba a biyan ko anini. Tare da motar akwai mai sharhi, wanda yake riƙe da makirfo yana bayyana wa mutane da Hausa abin da suke gani. Ana nuna labaran duniya, da finafinan tsabta da allurar rigakafi da noman gyaɗa da auduga da biyan haraji. Ƙasar Daura a wancan zamani tana cikin Lardin Katsina, a ƙarƙashin Sarki Abdurrahman, wanda ya hau gadon sarauta a 1911 ya rasu a 1966. Watau sarautarsa ta kusan yin daidai da dukan shekarun da Cali ya yi yana fim, daga 1914 zuwa 1967.

To, masu majigi sun lura cewa wa'azin tsabta kaɗai ba ya riƙe taro. Sai suka riƙa haɗawa da gajerun finafinan ban dariya, na Cali kuwa su ne kan gaba. Dalilin a bayyane yake. Ba su da magana, saboda haka ba ruwansu da fassara. Gajeru ne, sun kuma tsufa a kasuwar Turai, ba su da tsada. Shi ya zama zumar da ake shafa wa bakin ƙwarya don a sha magani.

A nan akwai abin lura. Ra'ayin Sellers da mutanensa shi ne wai mutumin Afirka wanda bai yi boko ba ba ya iya bin fim mai sauri, saboda haka dole a yi masa fim mai tafiyar hawainiya, a nuna abu ɗaya a daɗe a kansa. Amma taron nan da aka raina shi ne yake fashewa da dariya daidai inda mutanen Landan da Faris suke fashewa idan Cali ya zille wa ɗan sanda. Finafinan da aka yi musamman don a wayar mana da kai yawancinsu an manta da sunayensu. Wanda aka kawo don a ja hankali kawai shi ne ya bar kalma a harshenmu. Ma'aikacin yaɗa labarai na yau, da malamin tsabta, da malamin gona, ya kamata su yi tunani a kan wannan: jama'a sukan riƙe abin da ya girmama hankalinsu, su watsar da wanda ya ɗauke su yara.

Bugu da ƙari, Cali bai tarar da fili fayau ba. Bahaushe yana da wawan sarki wanda yake faɗa wa mai mulki gaskiya cikin raha, yana da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da waƙar tuwo, yana da 'yan gambara, yana kuma da tashe, inda yara suke shigar tsofaffi a watan azumi suna bin gidaje. Mutumin da ya saba ganin waɗannan bai ga baƙon abu ba da ya ga ɗan tsurut yana wasa da hankalin ƙato mai kulki. Ya ga Gizo ne cikin kwat.

Haka abin ya kasance a wasu wurare. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi, sunan da Faransawa suka ba shi, watau Sharlo, shi ya bi finafinansa. A ƙasar Gana, Bob Johnson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wasan kwaikwayon yawo na ƙasar, ya koyi abubuwa daga finafinan Cali. A Indiya kuma Raj Kapoor ya ɗauki tafiyarsa da hularsa ya sa a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. Da finafinan Indiya suka mamaye gidajen sinima na Arewa, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937 da waɗanda suka biyo bayansa, sai ga inuwar Cali ta sake dawo mana ta wata ƙofa.

RANAR DA AKA RUFE MASA ƘOFA

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Rayuwar Cali ta gida tana da tabo. Ya yi aure sau huɗu. Matansa biyu na farko, Mildred Harris da Lita Grey, 'yan shekara goma sha shida ne sa'ad da ya aure su, dukan auren biyu kuma sun mutu cikin rigima da tonon asiri a jaridu. Wata mata mai suna Joan Barry ta kai shi kotu a kan cikin da ta ce nasa ne. Gwajin jini ya nuna ba nasa ba ne, duk da haka a 1945 kotu ta ɗora masa ciyar da 'yar. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa mutum ne mai tsanani, mai wuyar gamsuwa. A 1943, yana da shekara hamsin da huɗu, ya auri Oona O'Neill mai shekara goma sha takwas. Wannan auren ne ya ɗore har mutuwa, suka haifi 'ya'ya takwas.

Ga kuma siyasa. Ya yi kusan shekara arba'in a Amurka bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, ya ci gaba da riƙe fasfonsa na Ingila. A lokacin yaƙi ya yi jawabai yana kira a taimaki Rasha a kan Jamus. Da yaƙi ya ƙare, gaba ta shiga tsakanin Amurka da Rasha, sai aka soma zarginsa da kwaminisanci, 'yan sandan ciki suka tara fayil mai kauri a kansa. A watan Satumba na 1952 ya shiga jirgin ruwa da iyalinsa za shi Landan bikin fitowar fim ɗinsa Limelight. Jirgin yana kan teku sai Ministan Shari'a na Amurka ya soke takardar izinin dawowarsa. Cali bai roƙi kowa ba. Ya sayi gida a ƙauyen Corsier da ke kusa da Vevey a ƙasar Suwizalan, ya zauna can daga 1953.

Ya ƙara fim biyu a Ingila, A King in New York a 1957 da A Countess from Hong Kong a 1967, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1964. Sai a 1972, bayan shekara ashirin, Amurka ta gayyace shi ta ba shi lambar girma ta Oscar, taro ya miƙe tsaye yana tafi har minti goma sha biyu. A 1975 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar Sir, ya karɓa yana kan keken marasa lafiya. Ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara tamanin da takwas. Ko bayan mutuwa bai huta ba, domin a watan Maris na 1978 waɗansu mutum biyu suka tone akwatin gawarsa suna neman kuɗin fansa. Aka kama su, aka gano akwatin a wata gona, aka sake binne shi aka zuba kankare.

MU INA NAMU?

Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya. Na Cali kuwa kusan dukansu suna nan. Babban dalili shi ne tun daga 1918 ya tsaya kai da fata cewa shi ne mai finafinansa, ya adana ainihin faifan, iyalinsa suka gada. Cibiyar adana finafinai ta Bologna a Italiya ta gyara su, gidansa na Suwizalan kuma an mai da shi gidan tarihi a 2016. Yau yaro a Daura yana iya kallon takalmin nan da aka dafa a 1925 a cikin wayar hannunsa.

Sai mu waiwayo gida. Alhaji Adamu Halilu, wanda ya ƙware a sashen fim na Gwamnatin Arewa, ya shirya Shaihu Umar a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Shekaru da yawa an ɗauka fim ɗin ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin tarin tsofaffin gwangwanaye, wata cibiya ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Baban Larai, wanda ya koya wa manoman Arewa noman zamani, matasa nawa ne suka taɓa ganinsa? Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, a 2023. Waɗannan mutane sun yi wa Hausa abin da Cali ya yi wa duniya, sun sa talaka ya yi dariya da soja da ɗan sanda da attajiri da kansa ma. Yawancin aikinsu yana kan kaset da faifai, su kuwa waɗannan zafi da ƙura da damina ba sa raga musu.

Aikin da ke gabanmu ba ya bukatar miliyoyi kafin a soma. Dattawan da suka zauna a ƙasa gaban motar majigi suna yara, yau sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura suna neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu. Ga abin rubutu a ƙofar gida: a je a zauna da waɗannan dattawa a ɗauki muryarsu, a tambaye su inda ake kafa ƙyalle, da abin da aka nuna, da yadda mai sharhi yake magana, da abin da iyaye da malamai suka ce game da kallon. A ɗauki hoton 'yan kama da 'yan gambara da suka rage, da masu raha a lokacin Sallar Gani. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Masarautar Daura, da gidajen rediyo da talabijin na jiha, su ne suka fi dacewa su karɓi abin da aka tara su adana, su kuma juya tsofaffin kaset ɗin da ke hannunsu zuwa kwamfuta tun ba su narke ba. 'Yan wasanmu na yau kuma su koyi abu ɗaya daga Cali, kada su sa hannu a takardar da za ta raba su da mallakar aikinsu saboda kuɗin cefanen rana ɗaya.

Daura gari ne da ya san darajar adana tarihi. Rijiyar Kusugu tana nan an killace ta, baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Abin da ya ba kakanninmu dariya shi ma tarihi ne, yana kuma faɗa mana yadda suka kalli hukuma da talauci da junansu. In aka sake ce da yaro cali-cali a aji, ya dace malamin ya san cewa mai ainihin sunan maraya ne a aikace, wanda bai gama firamare ba, ya kuma yi shekara hamsin da uku yana fim, wani lokaci yakan maimaita abu guda sau ɗari uku kafin ya yarda ya yi daidai.